Ɗinkin Allura Biyu

A Shiyar Madunka na buɗe ido,
Inda warin jima ke riga ladan tashi.
Babana Altine, baduku ɗan baduku,
Yana yanka jar fata da wuƙar da ta girme ni.

Ran nan ya ga littafina kan tabarma,
Ya ɗaga shi da yatsu biyu kamar ɗanyen ƙirgi:
"Mi ac cikin wanga, Luba? Lissahi?"
Na ce, "Labarai ne, Baba, da waƙoƙin Turanci."
Ya ce, "Ashe gatana nika biya ma kuɗɗi,
Wadda kakarki ka yi kyauta bayan lisha?"
Na sunkuyar da kai. Ba ni da amsa.

Ajinmu fanka ta mutu tun bara,
Zafin Sakkwato na narka alli a hannu,
Amma Malama Saudatu sai ta tsaya kan kalma guda,
Har a kaɗa ƙararrawa ba ta sake ta ba.
Takan ce, "Magana ba fura ba ce, kar ku kwankwaɗe,
Kilishi ce, a tauna.
Ku tambayi mai rubutu wa ya shigar zaure,
Wa kuma ya bari tsaye a rana."

A can na karanta wata yarinya
A ƙasar da ƙanƙara ke rufe ƙofa,
Ba ta san Rima ba, ba ta san gero ba,
Uwarta ta rasu, ta hana a kyautar da takalmanta.
Na kifa littafin, hawaye na ɗiga kan benci,
Domin silifas ɗin Inna suna nan ƙarƙashin gado,
Shekara uku ban bari an taɓa ba.
Wa ya kai mata labarina?

Sai ga takarda daga Ikko ana gab da azumi,
Jaka ɗari biyu ake so, da tasani ashirin.
Dillali Ɗan'iro na ta washe baki:
"Dangwala yatsa, Altine, arziki ya yi sallama!"
Baba ya dube shi, ya dubi tawada,
Ya ce, "Ku kira min mai gatana."

Na karanta a hankali, ina tauna.
A shafi na uku na taka ƙaya:
Wata 'yar kalma, ba ta kai ƙwayar gero ba,
Ta laɓe tsakanin manya tana cewa
In jaka ɗaya ta yi tabo,
Duka ɗari biyun sun tafi a banza.
Na mayar da ita Hausa, tsirara.
Zauren ya yi tsit, har kukan kurciya ake ji.
Baba ya goge babban yatsansa a gefen riga.
Ɗan'iro ya tuna yana da ɗaurin aure a Wamakko.

Bai yaba min ba, ba halinsa ba ne.
Da la'asar dai ya ce in matso.
Ya huda fata da basilla,
Ya zura allura ta dama, ya zura wata ta hagu,
Suka gitta a rami ɗaya, ya ja, zare ya yi ƙara.
"Ɗunkin allura guda," ya ce, "shi ka warwara."

Don haka nake bin wannan harshe, ba don in manta nawa ba,
Ba don in riƙa magana ta hanci a gidan suna ba.
So nake wata rana in rubuta hannun Baba,
Da kantar da ke tafinsa, da jan rinin da ya ƙi fita,
Har wata can, a ƙasar ƙanƙara,
Ta kifa littafi ta ce:
Wa ya kai musu labarin ubana?

Gobe akwai jarrabawa.
Baba ya ƙara wa fitila kananzir,
Ya yi kamar ba don ni ba.